Jar Kanwar Inna Sadiyatu

SHAFI NA 21

Salamu alaikum. Masu cika mini waya da "ina Zainaba, ina Zainaba," to ga ta nan. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa lallai sai na ba ta 'yan biyu, ki karanta wannan shafin tukuna, in kin gama sai ki dawo mu yi magana.

*

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka sake sauke itace a ƙofar gida.

Daga ɗaki Zainaba ta ji ƙarar zubarsa. Itacen wankan jego ne. Kaya na huɗu ke nan da surukarta Inna Sadiyatu ta sa aka kawo, ana jibge shi a gindin dogonyaro har ya kusa kamo katanga. Duk matar da ta shigo gidan daga cikin Ƙofar Dundaye sai ta tsaya ta yaba tulin, ta ce Allah ya raba lafiya.

Ta yunƙura za ta gyara zama, numfashi ya tsaya mata a wuya. Dole ta koma ta jingina da bango ta miƙe ƙafafu. Hannuwanta sun zama kamar sillen kara, idanu sun zurma, cikin ne kawai ya yi gaba yana ƙyalli.

Wata bakwai ke nan da rasuwar mijinta Malam Siddiƙu. Shekara takwas suna tare ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sai bayan an kai shi makwancinsa al'adarta ta ɗauke, ciki ya soma tasowa. Da ba don haka ba, da takabarta ta ƙare tun a wata huɗu da kwana goma, da yanzu tana gidan iyayenta a Kwalkwalawa. Amma mai ciki ba ta fita takaba sai ta haihu. Shi ya sa har yau tana nan, ba kwalli ba lalle, daga ita sai tsohuwar da ɗa ɗaya tal Allah ya bar mata, shi ma ya karɓi abinsa.

Sai dai Zainaba ta san abin da unguwa ba ta sani ba. Mako uku da suka wuce aka kai ta asibiti da sunan awo. Likita ya ɗora mata na'urar hoton ciki, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce babu ɗa. Ruwa ne. Ya zuƙi kaɗan da allura ya ce za a gwada a ga abin da ya kawo shi. Ta dawo gida ta tarar da Inna tana saƙa hular jariri, ta tambaye ta yaya awo, ta ce lafiya lau. Da wannan ƙaryar take kwana, da ita take tashi, kuma ta fi cikin nauyi.

Labule ya ɗaga.

"Abu, tashi ki sha."

Haka Inna ke kiranta tun ranar da aka kawo ta gidan. Tana riƙe da kofin silba, da ruwan nan ja-ja a ciki. Jar kanwa ce aka jiƙa da 'yar citta, kullum da safe, wata uku ke nan ba fashi.

"Inna, zartsi garai."

"Sha dai. In kin yi gyatsa kin samu sauƙin lumhwashi."

Ta runtse ido ta shanye. Inna ta tsaya a kanta tana kallon fuskarta. Fuskar kawai take kallo, kullum. Ga ta ungozoma, rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo, amma sau ɗaya tak ta taɓa cikin nan, can wajen wata na huɗu. Ta laluba, ta ɗan buga wajen cibiya da yatsa, ta yi shiru, sannan ta ce Allah shi raya. Daga ranar ba ta sake kai hannu ba. Zainaba ta ɗauka kunya ce, tunda cikin na ɗan farin Inna ne, wanda ko sunansa Inna ba ta taɓa kamawa da bakinta ba.

Inna ta juya ta yi ɗan tari a gefen mayafinta.

"Hayaƙin murhu," ta ce, alhali ba wanda ya tambaye ta.

Daga zaure aka yi sallama.

Tabita ce. Nas ce, a Sabon Gari take zaune, mijinta Luka da marigayi tare suka yi koyarwa a makaranta ɗaya. Ita ce ta ja Zainaba zuwa asibitin da ƙyar da jiɓin goshi. Yau ta shigo da farin kayan aikinta, ta yafa gyale a kai, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna.

"Maraba da Sista. Ƙaƙa ɗiyan? Ƙaƙa Joy?"

"Lafiya lau, Inna. Tana gaishe ki."

"Ki zamna. Bari in ga masu itacen ga, in ba ka tsaya bisa kansu ba ɗanye suka haɗa ma."

Tana fita Tabita ta saki labule, ta zauna a bakin katifa, ta zaro takarda daga jaka. Ko murmushi ba ta yi ba.

"Sakamako ya fito."

Zainaba ta kawar da kai.

"Hwaɗi, Maman Joy. Ina jin ki."

"Tarin fuka ne."

"Ni ba ni tari."

"Na sani. Ba huhu kaɗai yake kamawa ba. Wata nawa kika yi kina jinyar Malam a ɗakin nan, ƙofa rufe taga rufe?"

"Biyat."

"To a nan kika shaƙa. Shi a huhu ya zauna masa, ke kuma ya gangara ciki. Akwai wani tantani siriri da ya lulluɓe hanji. In ƙwayar cutar ta kama shi sai ya kumbura ya dinga tsattsafo da ruwa, yadda sabon tulu ke yi. Sai dai na tulu ƙasa yake ɗiga, naki ba shi da wurin zuwa. Yau cokali, gobe cokali, har ya cika ciki ya tokare ƙirji. Shi ya sa loma uku ke ƙosar da ke. Shi ya sa zazzaɓin yamma da zufa. Al'adar ma shi ya ɗauke ta."

Zainaba ta sa hannu biyu ta tallafi cikin, yadda ta saba tun lokacin da take zaton da mutum a ciki. Hannun bai daina ba har yanzu.

"Ana warkewa?"

"Sarai. Yau a zuƙe wani a rage miki nauyi ki samu numfashi. Sannan ƙwayoyi, kullum da safe, wata shida ba tsallake ko rana ɗaya. Kyauta ake bayarwa. Da idona na ga waɗanda suka fi ki lalacewa sun miƙe sun koma kasuwa. Tashi ki ɗauko mayafinki."

"In anka zuƙe, cikin sacewa za shi yi?"

"Eh mana."

"To ba ni zuwa."

Tabita ta tsaya da takarda a hannu.

"Me kika ce?"

"Nic ce ba ni zuwa. Ba yanzu ba."

"Zainaba, kina cikin hankalinki?"

"Ran da anka hita da Malam kina nan. Kwana tara Inna ba ta sa komi bakinta ba sai ruwa. Anka yi lallashi, anka yi nasiha, ko kallon mutane ba ta yi. Ran da nic ce mata ban ga wata ba, ran nan tat tashi taɗ ɗora tukunya. Wanga ciki shi ka riƙe da ita, Maman Joy. In hita da shi da sahe in dawo da marece ba shi, mi zan ce mata?"

"Gaskiya za ki ce mata."

"Ki ba ni wata biyu."

"In ba ki wata biyu ki yi me?"

Zainaba ta yi ƙasa da murya.

"In wata tara ya cika sai ki kai ni asibiti. Ku ce ɗan bai zo da rai ba. Ta yi kuka awa kowa. Amma dai ta san ɗanta ya bar baya, ko na rana guda."

Tabita ta dafe kai. Mace ce mai haƙuri da marasa lafiya, amma haƙurinta ba shi da tsawo in ta ga mutum yana wasa da ransa.

"Ji wata magana don Allah! Sannan mu kawo mata me ta sa a likkafani? Kin san Inna, sai ta ce a ba ta jikanta ta wanke da hannunta. Kuma wa ya ce miki kina da wata biyu? Cutar nan in an bar ta hanji mannewa yake yi ya toshe. Ran da ya toshe ba zancen ƙwaya kuma, sai wuƙa, in ma an samu zarafi. So kike ta binne ɗa, ta binne jikan ƙarya, ta binne ki?"

"Kar ki ɗaga murya."

"Zan ɗaga! Malam haka ya yi ta cewa gobe, gobe, sanyi ne, har muka kai shi lokacin da ba abin da za a iya. Na yi shiru a kansa don ina jin nauyinsa. Ke ba na jin nauyinki."

Hawaye ya zubo wa Zainaba. Ta san gaskiya Tabita ke faɗa. Tana tsoron mutuwa, tana tsoronta ƙwarai, amma tsoron fuskar Inna ya fi.

Tabita ta sunkuya za ta mayar da takarda, idonta ya sauka a kan kofin silba. Ta ɗauka, ta dubi jan gurbin da ya kwanta a ƙasa, ta kai hanci.

"Wannan fa?"

"Kanwa ta."

"Wa ya ba ki?"

"Inna. Don lumhwashi."

"Inna da kanta?"

"Eh."

"Tun yaushe?"

"Wata ukku. Kullum."

Tabita ta sake duban jan gurbin. Ta riƙe kofin tana juya shi a hannu, fuskarta ta canza. Zainaba ta ga canjin, ba ta gane kansa ba.

Nan Inna ta dawo da kwanon fura.

"Sista, ga hura. Ki sha ki ji sanyi, zahin ga na bana sai addu'a."

Tabita ta sauko daga katifa ta durƙusa a gabanta.

"Inna, ki gafarce ni. Zan yi miki rashin kunya."

Zainaba ta cafko gyalen Tabita.

"Maman Joy, don girman Allah..."

"Ba abin da kike zato zan faɗa ba. Tambaya ce kawai." Ta ɗaga kofin. "Inna, shekara shida da suka wuce na zo gidan nan da cikin Joy, wata biyar. Na tarar ana kunun kanwa, na ɗauki ludayi. Kin tuna abin da kika yi?"

Inna ta ajiye kwanon fura a hankali.

"Tsuhwa ta kama ni, Sista. Ba komi nika tunawa ba."

"Ƙwace shi kika yi daga hannuna. Kika yi mini faɗa a gaban mutane. Kika ce duk karatuna ban san mai ciki ba ta shan kanwa ba, tana zubar da ciki."

Inna ta sunkuyar da kai.

"Ni bare ce, kika hana ni ludayi ɗaya. Wannan jikanki ne, ɗan Malam, wanda aka jira shekara takwas. Wata uku kina ba uwarsa jar kanwa da hannunki?"

Zainaba ta saki gyalen. Ta dubi Tabita, ta dubi kofin, ta dubi Inna.

Inna ba ta dubi kowa ba. Ta lalubi bango ta zauna a kan tabarma, ta miƙe ƙafafunta, ta zuba hannuwanta a cinya tana kallon su.

"Inna?" in ji Zainaba. "Inna, mi taka nuhi?"

"Na sani."

"Mi kis sani?"

"Babu kowa ciki nan, Abu. Na sani."

Da a ce katangar gidan ce ta faɗo, da Zainaba ta fi gane abin da ya same ta.

"Tun yaushe?"

"Tun ran da nit taɓa shi. Shekara arba'in hannun ga shina taɓa cikin mata. Ɗa shina da kai, shina da baya, shina da wurin kwanciya. Nil laluba, nil laluba, ban iske kowa ba."

"Kic ce Allah shi raya."

"Nic ce."

"Kis saƙa hula."

"Nis saƙa."

"Itacen ga hwa?"

"Don mutane."

Zainaba ta zuba mata ido. Mako uku tana cin abinci da ƙyar a gaban matar nan don kada ta yi zargi. Mako uku in Inna ta shigo sai ta dafa ciki ta yi murmushin ƙarya, wai motsi ya yi. Ashe duk kallonta ake yi. Haushi ya taso mata irin wanda ba ta taɓa ji game da Inna ba, kunya kuma ta bi bayansa.

"Don mi, Inna? Mi niy yi maki?"

"Ba ki yi mani komi ba sai alheri. Shi yaj ja maki."

Inna ta goge bakinta da gefen mayafi.

"Ran da nit taɓa ki saura kwana goma sha ɗaya takabarki ta cika. Yayanki Abdulrasheed ya riga ya aiko cewa in babu ciki shina zuwa da mota. Nif fita tsakar gida nid dubi gidanga. Ɗaki huɗu. Nic ce to, Sadiyatu, wa za ki ce ma ina kwana?"

Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba.

"Nib buga cibiyarki nij ji tana amsawa awa ganga. Nic ce iska na, baƙin ciki na yak kumbura ta. Iska kau kanwa ka kashe shi. Nic ce in dinga ba ki, shi sace sannu sannu, mu ce ma mutane cikin kwantawa yay yi. Ciki shina kwantawa shekara biyu, shekara ukku, kowa ya yarda da haka ga garinga. Babu mai tashinki daga ɗakin mijinki da kwantaccen ciki. Ki samu lahiya, ni kau in samu ke. Dut abin da nil lissahwa ke nan."

"Amma bai sace ba," in ji Tabita.

"Bai sace ba. Kullum ina ƙara kanwa, kullum shina ƙaruwa. Tsoro yak kama ni, nik kasa taɓawa, nik kasa hwaɗi."

Tabita ta share idonta da bayan hannu. Ta zo da faɗa a bakinta, faɗan ya tsere.

"Inna, matso. Kawo hannunki. Zainaba, kwanta rigingine."

"A'a, Sista."

"Ke ungozoma ce, ba zan gaya miki da baki ba. Hannunki zai gaya miki."

Suka taimaka wa Zainaba ta kwanta. Tabita ta ɗora tafin Inna a kan cibiya, ta buga bayan yatsanta. Ciki ya amsa, fam, fam.

"Abin da kika ji ke nan ran nan?"

"Shi na."

Ta gangaro da hannun zuwa kwiɓi ta sake bugawa. Dim, dim. Ba amsa.

"Yanzu juya ta wancan gefen, Zainaba."

Ta juya da nishi. Tabita ta ɗan jira, sannan ta buga daidai wurin da ya yi dim ɗazu. Fam, fam.

Inna ta zare ido.

"Ya gudu."

"Ya gangara ƙasa. Ruwa ne, Inna. Hanji ne ke yawo a samansa, shi kika buga kika ji ganga. Ba ki yi ƙarya ba, gefen ne ba ki buga ba. Kumburin iska, irin na wake ko na cushewar ciki, bayan cin abinci yake tasowa, kafin safe ya sauka, gyatsa ko bayan gida su raba mutum da shi. Wanda ya yi wata uku bai sauka ba ko sau ɗaya, ga rama ga zazzaɓi, wannan na asibiti ne. Ciwon Malam ne ya sauka mata a ciki. Kanwa kuma 'yar'uwar gishiri ce, riƙe ruwa take yi a jiki."

Inna ta janye hannunta a hankali.

"Ashe ƙara mata nika yi."

Ta dubi tafin hannun.

"Da hannuna. Kullum da bisimilla."

Zainaba ta yunƙura ta tashi zaune. Ta so ta ci gaba da fushi, ta ga ba za ta iya ba. Tsohuwar ta ƙanƙance a kan tabarma, kamar ba ita ce matar da in ta daka tsawa a ɗakin haihuwa maza ke watsewa daga zaure ba. Tausayi ya rufe ta.

"Inna, ni ma na sani. Mako ukku. Likita ya hwaɗa mani, nib ɓoye maki."

"Na ga idonki ran da kid dawo."

"Nic ce in kin ji, mutuwa za ki yi."

"Ni kau nic ce in kin ji, tahiya za ki yi."

Suka dubi juna. Sai Zainaba ta fashe da kuka, kukan da ta riƙe tun a gadon hoto. Sai yau ta samu damar yi wa ɗan da bai taɓa zuwa ba kuka a fili. Ta riga ta raɗa masa suna a zuciyarta, ta riga ta san kamannin da zai ɗauko. Inna ta jawo kanta ta ɗora a cinya, tana shafawa, ba ta ce ta yi shiru ba.

Tabita ta bar su har kukan ya lafa, sannan ta dubi agogon hannunta.

"Inna, likita yana tashi ƙarfe biyu."

Inna ta ɗaga kan Zainaba ta miƙe. Ta fita. Suka ji tana jan akwatin ƙarfe a ɗakinta. Da ta dawo tana rungume da sabuwar atamfa ɗinkakkiya, da mayafi, da tandun kwalli a sama.

"Na hitar takabarki na. Wata ukku suna ƙasan akwati."

"Inna..."

"Takabarki ta ƙare tun tuni, Abu. Ni nir riƙe ki bisa abin da Allah bai ɗora maki ba. Ni matar malam ta, uwar malam ta, na san hukuncin. Ki yahe mani. Sa kayanki ki bi Sista. In an sallame ki, Abdulrasheed shi zo shi kai ki gida wurin uwarki."

"Ba ni zuwa ko'ina. In nis sha magani nan zan dawo."

"Da wane suna za ki zamna? Ke yarinya ta, da sauranki. In kin warke Allah shi ba ki wani, ki haihu."

"Ba ni son wani."

"Ki so." Inna ta kama hannunta. "Na riƙe Siddiƙu gida ina ba shi jiƙo har yaf fi ƙarhin likita. Ba ni riƙe ki."

Zainaba ta ɗago da sauri. Shekara takwas tana gidan nan, yau ne karo na farko da ta ji sunan a bakin uwarsa.

Inna ta buɗe tandun, ta kama haɓarta, ta zizara mata kwalli da kanta, ido ɗaya bayan ɗaya. Hawaye na wanke shi tana sake sawa.

"Tsaya mana, ɗiyar ga. Za ki hita cikin mutane."

Tabita ta taimaka mata ta sa rigar. Ba ta rufe cikin ba, sai da aka saki zane a kai.

"Bari in sa a tsaida maku keke napep," in ji Inna. "Babur na kabu-kabu ba shi yi da wanga ciki."

Ta fita tsakar gida da saurinta. Su kuma suna biye a hankali, Zainaba ta rataya hannu a wuyan Tabita, taku ɗaya hutu ɗaya. Suna kaiwa bakin ƙofar ɗaki suka ji tarin.

Ba irin ɗan tarin nan na gefen mayafi ba ne. Wannan daga can ƙasan ƙirji yake fitowa, yana jan wani, wani na jan wani, ba ya barin mutum ya shaƙi iska. Inna ta dafa tulin itacen jego da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya danne mayafi a baki, duk jikinta na girgiza.

Zainaba ta tsaya cak. Ta san tarin nan. Wata biyar ta yi tana riƙe wa Malam kwano.

Tabita ta jinginar da ita a jikin ƙofa ta ruga.

"Inna, mu ga mayafin."

"Hayaƙi na. Ku tahi, likita shina tashi."

"Ba wuta a murhu, Inna. Mu gani."

Inna ta dunƙule shi a hannu. Tabita ta kama yatsun ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Daga inda take tsaye Zainaba ta hango jan, sabo a kan tsoho, wani ya bushe ya yi baƙi.

"Tun yaushe?" in ji Tabita.

Inna ba ta dube ta ba. Sai ta juya ta dubi Zainaba, da sabuwar atamfarta da kwallinta.

"Tun sadakar arba'in." Ta ja numfashi da ƙyar. "Ɗazu ban gama hwaɗa maki ba, Abu. Ba don ina kwana kaɗai nir riƙe ki ba. Nic ce in mutuwa ta zo, kina kusa ki ruhe mani ido."

"Inna!"

Hannun Inna ya zame daga jikin itacen.